Ɓawo, Ƙwaya da Tushe: Sunayen da Ke Cikin Ginin Linux

Lokacin da layin dogo ya isa Kano a 1911, kakanninmu ba su jira wani kwamitin masana ya raɗa masa suna ba. Sun dubi abin da ke jan kaya a kan ƙarfe, suka tuna da wanda ke ɗaukar kaya a kan ruwa, suka ce jirgin ƙasa. Wurin da yake tsayawa kuwa ba su wahalar da kansu ba, sai suka karɓi kalmar Bature suka lanƙwasa ta ta koma tasha. Haka aka yi da tikiti da fasinja da loko. Wani sunan an ƙirƙira shi, wani an aro shi, kuma kowanne ya zauna daram. Har gobe hedikwatar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya tana Ebute Metta a Ikko, unguwar da ke da titin Kano da titin Borno, kuma wanda ya hau jirgin Ibadan daga nan zai ratsa ta Agege, inda Hausawa fataken goro suka kafa zangonsu tun da daɗewa.

Yau baƙon da ya sauka wani ne daban. Yaba, cibiyar matasa masu rubuta manhaja, tana maƙwabtaka da Ebute Metta. Kasuwar kwamfuta ta Ikeja kuwa, wadda ake kira Computer Village, tana dab da Agege, kuma yaranmu na shiga da fita cikinta. A bakinsu za ka ji filashin da fomatin, wato sake zuba wa waya ko kwamfuta babbar manhajarta bayan ta rikice. Wannan aikin saman ruwa ne: wani ya gina, kai ka zuba. A ƙarƙashinsa akwai wani aiki mai zurfi, shi ne mutum ya gina babbar manhajar da kansa, guntu-guntu, daga rubutun da masu ita suka bari a buɗe. Mai wannan aikin yakan yi karo da sunaye barkatai, kuma tambayar da ke gabanmu ita ce ta zamanin jirgin ƙasa: wane suna ne ya cancanci a fassara shi, wane ne za a bari yadda yake, wane ne kuma yake ɗauke da rigimar da sai an yi hattara?

Littafin da ya ce a fara daga layi

A 1999 wani mai suna Gerard Beekmans ya fitar da littafi kyauta a intanet ya sa masa suna Linux From Scratch. Littafin ba ya ba ka manhaja a shirye. Abin da yake ba ka shi ne jerin guntaye kimanin 80 da za ka sauke, nauyinsu duka wajen rabin gigabayit, sannan ya bi da kai mataki-mataki har ka haɗa su su zama kwamfuta mai tashi da kanta. Kalmar ƙarshe ta sunan ta fito ne daga fagen wasa, layin da ake ja a ƙasa inda 'yan tsere ke tsayawa, wanda ba a yi wa rangwamen ko taku ɗaya ba daga nan yake farawa. Da Hausa "daga tushe" ya wadatar. Sai dai sunan ya ɗan yi zuƙu, domin ba daga babu ake farawa ba. Dole sai kana da wata kwamfutar mai aiki da Linux wadda za ta riƙe ka har naka ginin ya tsaya da ƙafafunsa. Littafin yana kiran wannan da kalmar da ke nufin mai masauki, kuma duk Bahaushen da ya taɓa sauka a zango ya san abin da mai masauki yake yi wa baƙo.

Manhaja kanta kalma ce da muka karɓo daga Larabci ta hanyar makaranta, inda take nufin tsarin karatu. Gidajen rediyo da jaridu ne suka ja ta zuwa fagen kwamfuta, ta kuma karɓu. Wadda ke riƙe da sauran duka, irin su Windows da Android da Linux, aka kira ta babbar manhaja. Wannan suna ya fi na Turancin ma sauƙin ganewa, don haka babu dalilin taɓa shi.

Rubutun da ɗan Adam yake yi da hannunsa kafin a juya shi zuwa harshen na'ura, Turawa sun kira shi da kalmar da ke nufin mafarin kogi. Mu tushe ya fi dacewa da mu, mu ce rubutun tushe. Shi ne wanda mutum zai iya karantawa, ya gane nufin marubucin, ya gyara. Abin da ake zuba maka a kasuwa kuwa sakamakon juyin ne, tarin sifili da ɗaya wanda na'ura ce kaɗai ke jin daɗin karanta shi.

Tafinta da mai fassara

A nan Hausa ta yi sa'a, domin tana da kalmomi biyu da suka raba aikin gida biyu tun kafin kwamfuta ta zo. Tafinta shi ne wanda ke tsaye a kotu ko a gaban Joji, a faɗi magana ya juya, a sake faɗa ya sake juyawa. Ita ma kalmar aro ce daga Turanci tun zamanin mulkin mallaka. Mai fassara kuwa yakan ɗauki littafi sukutum ya zauna da shi, sai ya gama ya miƙo sabon littafi. Haka manhajojin juyi suka kasu. Wadda ake kira "compiler" fassara take yi: ta karɓi rubutun tushe gaba ɗaya, ta fitar da manhaja gamammiya. Grace Hopper ce ta yaɗa wannan suna a farkon shekarun 1950, kuma a lokacin ma'anarsa mai harhaɗawa, saboda aikin abin da ta ƙera shi ne tattaro guntayen umarni da aka tanada ya jera su. Aikin ya canza, sunan ya tsaya. Wanda ya fassara sunan kalma da kalma ya ce maharhaɗi ya kama tsohon aikin ne. Mafassari shi ne ya dace da aikin yau.

Tafintan kuwa shi ne ake kira "shell", wato ɓawo. Wani Bafaranshe, Louis Pouzin, shi ya raɗa wannan suna a tsakiyar shekarun 1960 lokacin da yake aiki a jami'ar MIT ta Amurka. Hoton da ke cikin sunan a fili yake ga mutanen da suka yi dalar gyaɗa: akwai ƙwaya a ciki, akwai ɓawo a waje. Ƙwayar, wadda ake kira "kernel", ita ce ke hulɗa da ƙarfen na'ura kai tsaye, ita ke raba wa manhajoji lokaci da wurin ajiya, ita ke magana da faifai da allo da madannai. Mutum ba ya taɓa ta da hannu. Ta kan ɓawon yake bi: ya rubuta umarni, ɓawon ya karanta, ya isar, ya dawo da amsa, ya jira na gaba. Waɗannan biyu ba su buƙatar aro. Ƙwaya da ɓawo sun faɗi abin da ake nufi, sai dai mai koyarwa ya ƙara da cewa wannan ɓawon ba na yarwa ba ne.

Idan aka jera umarnin nan a cikin fayil guda domin ɓawo ya bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da mutum ya tsaya a kansa ba, an sami abin da ake kira "script". 'Yan fim ɗin Kano sun riga sun san kalmar, takardar da ke gaya wa kowa abin da zai faɗa da lokacin da zai faɗe shi. A fagen kwamfuta rubutun umarni ya fi fito da ma'anar. Ga yadda ƙarami daga cikinsu yake, wanda zai gina guntu ɗaya:

#!/bin/bash
set -e
tar -xf sed-4.9.tar.xz
cd sed-4.9
./configure --prefix=/usr
make
make install

Layin farko yana sanar da ƙwaya ko wane tafinta ne zai karanta takardar. Na biyu yana cewa da zarar wani umarni ya gaza a tsaya cak, kada a ci gaba da ɗora gini a kan ɓaraka. Na uku yana kwance ƙunshin, na huɗu yana shiga cikinsa. Na biyar yana leƙa na'urar ya ga abin da take da shi da abin da ta rasa. Na shida yana kiran mafassari ya yi aikinsa, na bakwai yana kai kowane fayil mazauninsa. Mafi yawan littafin maimaicin wannan ne da 'yan sauye-sauye, shi ya sa tun da wuri mutane suka fara mayar da shi rubutun umarni. Wanda ya fi shahara shi ne jhalfs, wanda ke tsamo umarnin daga cikin littafin kansa ya jera su. Haruffa biyun farko na sunansa na wanda ya fara rubuta shi ne, Jeremy Huntwork.

Inda suna yake aiki da gaske

Hausawa sun ce suna linzami ne. A cikin wannan gini akwai wurin da maganar ta tabbata a zahiri.

Matsalar farko ita ce ta maƙeri. Yana buƙatar awartaki kafin ya riƙe jan ƙarfe, shi kuma awartakin da jan ƙarfe ake ƙera shi. Sabon maƙeri dole ya ari na ubangidansa ya ƙera nasa, sannan ya yi amfani da nasan ya ƙera wanda ya fi shi kyau, ya mayar da na aro. Mafassarin da ake gina Linux da shi, GCC, shi ma rubutun tushe ne, sai an fassara shi kafin ya fassara wani. Don haka ake aron na mai masauki a gina na farko, a yi amfani da na farko a gina na biyu, sannan na biyu ya gina na ƙarshe. Sau uku ake gina GCC a littafin na yanzu, kuma manufar ita ce kada wani ɓurɓushin mai masauki ya maƙale a cikin sabon gini.

To ta yaya za a hana kayan aikin leƙawa rumbun mai masauki su ɗebo abin da suka saba ɗebowa, alhali a kan na'ura ɗaya ake aikin? Da suna ake hana su. Kowace na'ura tana da cikakken suna mai gaɓoɓi, misali x86_64-pc-linux-gnu: irin ƙwaƙwalwarta, mai ƙera ta, ƙwayarta, da tsarin da ke kanta. Sai littafin ya sa a sauya gaɓa ta biyu kaɗai, sunan ya koma x86_64-lfs-linux-gnu. Da kayan aikin suka ga sunan ya bambanta, sai su ɗauka wata baƙuwar na'ura ce ake gina wa manhaja, su kame hannunsu daga kayan gida. Haruffa uku ne suka raba tsohon tsari da sabo. Abin dariya kuma, wannan suna mai gaɓoɓi huɗu har yanzu 'yan uku ake kiransa, saboda uku ne a da.

Akwai kuma inda suna ke yin ɓarna. Ana ajiye sabon ginin a wani wuri, galibi /mnt/lfs, kuma don gudun maimaita rubutu sai a ba wurin inkiya, a riƙa rubuta $LFS. Ɓawo ba ya tambaya. Idan mutum ya rufe taga ya buɗe wata, ya manta bai sake sanar da inkiyar ba, ɓawon zai ɗauke ta a matsayin wofi. Umarnin da aka nufa da $LFS/usr sai ya faɗa kan /usr na mai masauki, idan kuwa na sharewa ne, baƙo ya rushe gidan da ya sauke shi. Shi ya sa littafin yake ta nanata a duba inkiyar kafin kowane mataki, masu rubutun umarni kuma suke ƙara "set -u", wanda ke sa ɓawo ya tsaya idan ya ci karo da sunan da ba a gabatar masa ba.

Daga nan sai a shiga matakin chroot, umarnin da ke cikin babbar manhajar Unix tun 1979, ma'anarsa sauya saiwa. Fayilolin Unix a jere suke kamar bishiya, kowane reshe yana komawa ga saiwa guda. Wannan umarni yana sa ɓawo ya ɗauki sabon wurin a matsayin saiwar duniyarsa, ya daina ganin komai a wajensa. Kalmar saiwa ɗin ce kuma ake kiran mai cikakken iko a kan na'ura da ita, wanda babu ƙofar da ke rufe gare shi.

Har ma'aunin lokaci yana da labarin suna. Tun da kwamfutoci sun bambanta a sauri, littafin ba ya cewa guntu kaza zai ci minti kaza. Sai ya ce ka auna lokacin da guntun farko ya ci a na'urarka, ka kira shi SBU ɗaya, sauran duka a auna da shi. Haruffan nan uku ba su canza ba, amma abin da suke wakilta ya canza sau biyu: da farko harafin tsakiya na ɓawon Bash ne, ya koma na Binutils, guntun da ake fara ginawa, daga baya aka mayar da shi kalmar gini kawai. Ga mai aiki a Agege ko Oyingbo wannan ma'auni ba wasa ba ne. GCC na ƙarshe da gwaje-gwajensa yana cin gomman SBU, kuma mutum yana son sanin ko man janareto zai kai. Saboda haka ne rubutun umarni mai kyau yake barin alama bayan kowane guntu, domin idan an ɗauke wuta a ci gaba daga inda aka tsaya.

Sunayen barkwanci da na gado

Akwai rukunin sunaye da fassara ba ta da abin yi da su, domin ba aiki suke bayyanawa ba, salsala suke faɗa. Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs a 1969, zolaya ce ga Multics, babban aikin da kamfanin ya janye daga cikinsa: wancan farkon sunansa na nufin yawa, wannan na nufin ɗaya. Harshen C da aka rubuta shi da shi ya gaji wani harshe ne mai suna B. A 1979 Stephen Bourne ya fitar da ɓawon da ya ɗauki sunansa. Shekara goma bayan haka Brian Fox ya rubuta sabo domin aikin GNU, wanda za mu zo kansa a gaba, aka sa masa Bash, taƙaitawar jimlar da ke wasa da sunan Bourne da kuma kalmar "born again" ta Kiristoci masu cewa an sake haifarsu. Mazaunin Ebute Metta ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan wasa, domin hedikwatar cocin Redeemed tana unguwar.

Haka abin yake tafiya cikin jerin guntayen. Awk haruffan farko ne na mutum uku da suka rubuta shi a 1977, Aho da Weinberger da Kernighan. Tar, wanda ke kwance ƙunshi, sunansa na nufin ajiyar tef, alhali yawancin masu amfani da shi yau ba su taɓa ganin tef ɗin kwamfuta ba. Wata tsohuwar manhaja ana kiranta Yacc, wanda a kunne ya yi kama da sunan wani sa mai gashi na tsaunukan Asiya, sai mutanen GNU suka kira tasu Bison, ɓaunan Amurka. Python ba mesa aka nufa ba, Guido van Rossum ya ɗauko sunan ne daga wasu 'yan wasan barkwanci na talabijin a Ingila. Haruffan rc da ke ƙarshen fayil irin .bashrc gado ne daga RUNCOM, manhajar da Pouzin ya rubuta tun kafin a haifi Unix.

Shi kansa Linux ba sunan da mai shi ya zaɓa ba ne. Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya sanar da aikinsa a ranar 25 ga Agusta 1991, kuma Freax ya so ya kira shi. Ari Lemmke, wanda ke kula da na'urar da aka ɗora fayilolin a kanta, shi ya sa wa wurin ajiyar suna linux, laƙabin kuma ya danne sunan yanka. Irin waɗannan sunaye a bar su yadda suke. Wanda ya fassara Bash ko Awk ya yanke igiyar da ke haɗa ɗalibi da waɗanda suka gabace shi, kuma ya hana shi gane umarnin da zai buga da yatsunsa.

Kyauta ko 'yanci

Rukuni na uku shi ne mai rigima. A watan Satumba na 1983 Richard Stallman ya sanar da aikin GNU, sunan da ke cewa shi ba Unix ba ne, da nufin gina cikakkiyar babbar manhaja wadda ba mai ikon kulle ta. Kalmar da ya zaɓa, "free", a Turanci tana ɗaukar ma'ana biyu, abin da ba a biya kuɗinsa ba da abin da ba ya cikin ƙangi. Shekara da shekaru mutanensa suna ta bayanin cewa ta biyun suke nufi. Hausa ba ta da wannan matsala sai in mu muka jawo ta. Kyauta daban, 'yanci daban. WhatsApp kyauta ne, amma ba ka da ikon ganin tushensa ko gyara shi. Manhaja mai 'yanci kuwa ana iya sayar da ita da kuɗi, abin da ba a iya yi shi ne hana wanda ya karɓa haƙƙoƙinsa huɗu: ya yi aiki da ita yadda ya so, ya karanta ya gyara, ya ba wani, ya kuma yaɗa gyaran da ya yi. Duk wanda ya rubuta "manhajar kyauta" yana nufin wannan ya ɓatar da mai karatu.

A 1998, shekarar da kamfanin Netscape ya saki tushen manhajarsa, wasu suka ga kalmar 'yanci tana firgita 'yan kasuwa. Christine Peterson ta ba da shawarar sunan da muke fassarawa da buɗaɗɗen tushe, Eric Raymond da Bruce Perens suka kafa ƙungiya a kansa. Manhajojin kusan ɗaya ne, lasisin ma galibi ɗaya ne, amma wancan suna yana maganar haƙƙi, wannan yana maganar ingancin aiki. Marubucin Hausa yana iya amfani da kowanne, muddin ya san ɓangaren da kalmar ta fito.

Rigimar ta kai har ga sunan ginin gaba ɗaya. Stallman ya dage a ce GNU/Linux, domin Linux ƙwaya ce kawai. Wanda ya gina da hannunsa zai ga hujjar da idonsa: mafassari, babban rumbun Glibc, ɓawo, da ƙananan umarnin yau da kullum duka na GNU ne, ƙwayar kuma sai dab da ƙarshen littafin ake gina ta. Amma akwai ɗaya gefen. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix da ke aljihunmu suna ɗauke da ƙwayar Linux a ƙarƙashin Android ba tare da kayan GNU ba. Ke nan sunan ya danganta da abin da ka haɗa.

Inda Hausa ta shiga

Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan raɗin suna. Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya fitar da Ubuntu a 2004 da kalmar Zulu da Kosa wadda ta yi kusa da mutuntaka a wurinmu. A tsakiyar shekarun 2000 kuma wani kamfanin Najeriya, Leapsoft, ya fitar da Wazobia Linux mai magana da Yarabanci da Hausa da Ibo, sunan da aka haɗa daga kalmar kira ta harsunan uku, "zo" tamu tana tsakiya. Aikin bai yi dogon zango ba, amma ya nuna abin yana yiwuwa.

A cikin Glibc akwai fayil mai suna ha_NG, wato Hausa ta Najeriya, mai ɗauke da sunayen kwanaki da watanni da alamar naira. Mai gini daga tushe shi ne zai zaɓa ya kunna shi da umarnin localedef, ya kuma saita agogonsa a kan Africa/Lagos. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suna samun shiga ne ta hanyar UTF-8, tsarin da Ken Thompson ɗin nan na Unix da Rob Pike suka tsara a 1992. Ƙofa a buɗe take. Abin da ya yi ƙaranci shi ne saƙonnin manhajojin kansu da littattafan koyarwa, waɗanda ba mai fassara mana su sai mu.

Kada kuma a ɗauka buɗaɗɗen tushe yana nufin an karanta shi. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano an dasa ƙofar ɓoye a cikin xz, manhajar da ke matse ƙunshi, wadda ita ma tana cikin jerin littafin. Wanda ya dasa ta ya shafe shekaru yana taimakawa a aikin har aka yarda da shi, kuma mabuɗin ɓarnar a cikin rubutun umarnin gini ya ɓoye shi, inda ya san idanu ba sa yawan zuwa. Shekara arba'in kafin haka, a 1984, Thompson ya riga ya yi gargaɗin cewa ko mafassari ana iya cusa masa ha'inci ya riƙa gadar da shi ga 'ya'yansa ba tare da an gani a rubuce ba. Malamanmu da ke tambayar wa ya karɓa daga wa kafin su yarda da ruwaya sun san nauyin wannan magana. Tushen da yake a buɗe amma ba mai iya karanta shi a cikinmu, amfaninsa gare mu kaɗan ne.

Don haka hukuncin a taƙaice yake. Sunan da ke bayyana aiki a mayar da shi Hausa: tushe, ƙwaya, ɓawo, saiwa, mafassari, tafinta, mai masauki, rubutun umarni. Sunan da ke faɗin salsala a bar shi, a koya wa ɗalibi labarinsa. Sunan da ke ɗauke da aƙida a auna shi kafin a rubuta, kada a ce kyauta inda ake nufin 'yanci. Kalmomin da na kawo shawara ce, kuma masu aikin ne za su tabbatar da su ko su sauya su da bakinsu. Matasanmu da ke gyaran waya da kwamfuta a Ikeja da Agege, da ɗalibanmu na Yaba da Akoka, ku nemi tsohuwar kwamfuta mai sararin gigabayit 30, ku sauke littafin, ku gina, kuma duk matakin da kuka wuce ku rubuta bayaninsa da Hausa domin na bayanku.